Kwas ɗin binciken koyon harshe na biyu da na yi a intanet

Jiya na gama wani kwas na sati takwas a intanet kan hanyoyin binciken yadda mutane ke koyon harshe na biyu. Gaskiya da na yi rajista na ɗauka za a yi ta loda mana ka'idoji ne kawai mu haddace, ashe ba haka abin yake ba.

Sati na uku ne ya kama ni. Malamar ta kawo labarin Alberto, wani ɗan ƙasar Kosta Rika mai shekara 33 da masanin harshe John Schumann ya bi diddiginsa wata goma yana koyon Turanci a Amurka, amma Turancin nasa kusan bai motsa ba. Sai kuma wani masanin harshen, Richard Schmidt, da ya riƙa rubuta abin da yake koyo na harshen Fotugis a Barazil kullum a littafinsa, aka wallafa a 1986, daga nan ya fito da batun cewa sai ka lura da abu a harshe kafin ya zauna maka. A kowane binciken mutum ɗaya tal fa, amma an bi shi tsawon lokaci, ba wai a tara mutum ɗari a gwada su rana ɗaya a watse ba. Ko da yake malamar ta ja mana kunne cewa abin da ka gani a kan mutum ɗaya ba za ka yanke wa kowa hukunci da shi ba.

Daga nan aka ce kowa ya gwada da kansa. Na samu wata mai koyon Turanci na ba ta jimloli ta ware daidai da kuskure, ta cinye kusan duka, har da "he goes". Da na kunna rikoda na nuna mata hotuna na ce ta ba ni labari, wallahi sai "he go" ke ta fitowa, ita ba ta ma ji ba. Na zauna ina ta maimaita wurin a ELAN, wannan manhajar kyauta ta cibiyar Max Planck da ake rubuta maganar da aka naɗa, hirar minti goma ta cinye min yamma guda, wuyana har ya ƙage. To wanne ne iliminta na gaskiya, na takardar ko na bakin? Da gwajin farko kawai na yi da na rubuta cewa ta iya.

Inda kwas ɗin ya ba ni haushi shi ne ɓangaren lissafi. Bidiyo biyu kacal, malamin yana ta sauri kamar ana korarsa, ya ambaci gwajin kafin koyarwa da na bayanta da wanda ake sake yi bayan wasu makonni a ga ko abin ya zauna, amma yadda za ka kwatanta sakamakon sai dai ka nemo a wani wuri. Na tura tambaya sau biyu, shiru kake ji.

Idan aikinka na hira da naɗar murya ne, ka shiga, zai yi maka amfani sosai. Mai aikin alƙaluma kuwa ya fara neman wani kwas ɗin lissafin tukuna. Ni dai yanzu saura hira uku ban rubuta ba.