Ƙwarewa a ciwon dajin karnuka da maguna: hanyar Amurka ko ta Turai?

Assalamu alaikum. Dakta, ƙanwata, na ga tambayarki. Kin ce kin gama karatun likitan dabbobi a nan gida, kin yi bautar ƙasa, kina aiki a asibitin ƙananan dabbobi, kuma hankalinki ya karkata ga ciwon daji na karnuka da maguna. Kin ga wasu likitoci suna rubuta DACVIM a bayan sunansu, wasu kuma DipECVIM-CA, shi ne kike son sanin wanne ya fi, wanne kuma mai takardar Najeriya zai iya kaiwa gare shi.

Ta fuskar ilimi da daraja, Ɗanjuma ne da Ɗanjummai. Inda suka rabu shi ne bakin ƙofa, wato yadda ake shiga, sai kuma inda za ki iya aiki bayan kin fito.

DACVIM shaida ce ta kwalejin ƙwararrun likitocin cututtukan ciki na dabbobi ta Amurka, ACVIM, wadda aka kafa a 1973, aka ƙara mata reshen ciwon daji a 1988. DipECVIM-CA kuwa shaida ce ta takwararta ta Turai, ECVIM-CA, an kafa ta a 1994, tana ƙarƙashin hukumar EBVS mai kula da dukkan kwalejojin ƙwarewa na likitocin dabbobi a nahiyar. Ficewar Birtaniya daga Tarayyar Turai ba ta fitar da asibitocinta daga wannan tsari ba. Kada sunan kwaleji ya sa ki zaci wani gini ne mai azuzuwa. Ƙungiyoyi ne na ƙwararru, su ke amincewa da asibitin da zai ba da horo, su shirya jarrabawa, su ba da shaida. Horon kansa a asibiti ake yin sa, ana biyanki albashi, ɗan kaɗan dai, ƙasa da abin da sa'o'inki suke samu a asibitocin kuɗi.

Tsarin duka biyun iri ɗaya ne. Shekara ɗaya ta horon zagaye, inda za ki bi sashe-sashe: gaggawa, tiyata, cututtukan ciki, hoto. Sannan shekara uku ta horon ƙwarewa a ƙarƙashin wanda ya riga ya samu shaidar. A ciki za ki yi bincike ki buga a mujallar kimiyya, ki zauna jarrabawa mataki biyu, ta farko kan tushen aikin jiki da cututtukan ciki baki ɗaya, ta biyu kan ciwon daji zalla.

Me ake koya a shekara ukun nan da ba za a samu a littafi ba? Ɗauki kare mai dajin kaluluwa, wanda shi ne abin da za ki fi gani a sashen. An kawo shi kaluluwar wuya da ta bayan gwiwa sun kumbura, ba zafi, yana cin abincinsa. Ki soka siririyar allura, ki shafa a gilashi, ki rina, ki duba da kanki kafin ma likitan gwaji ya gani. Idan an tabbatar, sai a hau tsarin da ake kira CHOP, magunguna huɗu da ake juyawa mako-mako har tsawon mako 19 zuwa 25, kuma sigar da ta fi shahara daga Jami'ar Wisconsin ta fito. Karnuka takwas zuwa tara cikin goma kumburin kan sauka, su samu kimanin shekara guda cikin walwala, alhali in an bar su ba magani, mako huɗu zuwa shida ne. To ranar da aka zo kan doxorubicin, wani jan ruwan magani daga cikin huɗun nan, ba a ɗaura shi sai an ɗebi jini an ƙirga fararen ƙwayoyi. An auna kare, an lissafa faɗin jikinsa, domin da shi ake ƙayyade magani, ba da kilo kaɗai ba. Ke kuma kina cikin riga mai dogon hannu da safar hannu ninki biyu. Allurar jijiya dole ta shiga a suka ɗaya, in an kuskure sai a koma wata ƙafar, saboda in jan ruwan nan ya tsiyaya ƙarƙashin fata, naman wurin ruɓewa yake, har ta kai ga yanke ƙafa. Kina kuma riƙe da lissafin jimillar da karen ya sha tun farko, don maganin yana taruwa ya raunana zuciya.

Ga mage kuwa, kada ki ɗauke ta ƙaramin kare. Maganin daji cisplatin da kare yake ɗauka, ita ruwa yake tara mata a huhu ya kashe ta. Haka maganin 5-FU, ƙwaƙwalwarta yake taɓawa. Doxorubicin ɗin ma, a wurinta ƙoda za ki fi sa wa ido. Akwai kuma karnuka irin su jinsin koli (collie) masu wani gado a jini da ke sa vincristine, shi ma ɗaya daga magungunan CHOP, ya yi musu yawa ko an ba su daidai ƙa'ida. Duk wannan za ki iya haddacewa. Abin da horon yake ƙara miki shi ne ɗaruruwan marasa lafiya da wani babba a tsaye a kanki yana tambayar dalilin kowane mataki. Wannan ɗaya ne a Kolorado da Edinbara.

Yanzu ƙofar Amurka. Kusan duk guraben horon zagaye da na ƙwarewa a Amurka da Kanada ta tsari guda ake raba su, VIRMP. Ki tura takardunki da wasiƙun shaida wajen ƙarshen shekara, ki jera asibitocin da kike so bi da bi, su ma su jera waɗanda suke so, kwamfuta ta haɗa. Sakamako ya fito farkon shekara, a fara aiki wajen watan Yuli. Kyawunsa komai a fili yake, wuri ɗaya za ki ga gurabe duka, kuma suna da yawa fiye da na Turai: Jami'ar Jihar Kolorado, Wisconsin, Kaliforniya ta Davis, Pensilbaniya, Cornell, da manyan asibitocin kuɗi. Wahalarsa gasa. Da yawa daga 'yan ƙasar ma sai sun ƙara shekara guda ta horo a sashen ciwon daji kafin su samu gurbi.

Kafin nan ma akwai maganar lasisi. Wanda makarantarsa ba ta cikin waɗanda ƙungiyar likitocin dabbobi ta Amurka ta tantance, sai ya bi ɗaya daga tsare-tsare biyu na tantance likitocin da suka yi karatu a waje, ECFVG ko PAVE. ECFVG mataki huɗu ne: tabbatar da takardu, jarrabawar Turanci, rubutacciyar jarrabawar kimiyya, sai ta aiki da hannu ta kwana uku, inda za a sa ki ki sa wa kare maganin barci ki yi tiyata ana kallo, ki kuma duba doki da saniya. Bayan wannan ga NAVLE, jarrabawar lasisi mai tambayoyi 360. Shekaru ake kwashewa, da dala mai yawa, da jiran gurbin jarrabawar hannun. Wasu jihohi suna ba asibitin jami'a damar ɗaukar baƙo da lasisin da bai wuce harabar jami'ar ba, don haka a kowace sanarwa ki karanta sharaɗin lasisi da na biza kafin komai. Wasu tun a layin farko suke cewa ba sa ɗaukar mai buƙatar biza.

Ƙofar Turai ba ɗaya ba ce, ƙofofi ne a warwatse. Kowane asibiti shi ke tallata gurbinsa lokacin da ya samu: Edinbara, Liverpool, Glasgow, Kambirij, Kwalejin Sarauta ta Landan, Utrecht a Holand, Zurich a Suwizalan. Dole ki riƙa bibiya da kanki. Amma akwai sassauci biyu da suka shafe ki. Na ɗaya, ana iya karɓar shekaru biyu na aikin asibitin ƙananan dabbobi a madadin horon zagaye, idan kwamiti ya gamsu da ingancinsa. Na biyu, akwai hanya ta daban da ake tsara wa mutum ɗaya, ya tattara makonnin horonsa ƙarƙashin ƙwararru a tsawon lokaci fiye da shekara uku. Kada dai ki ɗauka sauƙi ce, sai kin sami ƙwararren da ya yarda ya ɗauki nauyinki, kuma sau da yawa ke za ki ciyar da kanki.

Lasisi nan ma yana nan. A Birtaniya sai kin ci jarrabawar baƙi ta RCVS, hukumar da ke yi wa likitocin dabbobi rajista a can, rubutacciya da ta aiki da hannu, sau ɗaya a shekara, bayan shaidar Turanci. A sauran ƙasashen, jarrabawar kwalejin ECVIM-CA da Turanci ake yi, amma mai karen da ke kuka a gabanki Jamusanci ko Faransanci yake ji. A wannan fanni rabin aikin magana ne: ki zaunar da mutum ki faɗa masa cewa yanke ƙafa kaɗai a dajin ƙashi wata huɗu zuwa biyar yake saya wa karensa, in an haɗa da kemo, wato magungunan kashe ƙwayoyin daji, ya kai wata goma ko shekara, ki bar shi ya zaɓa. Ba a yin wannan da tafinta. Abokan aikinmu na Nijar da suka yi karatu a makarantar Dakar sun fi mu kusa da Faransa da Beljiyam ta wannan fuska.

Sauran bambance-bambancen ƙanana ne. Turai ta fi matsa wa a kan bincike, takarda biyu take nema, ɗaya ke ce marubuciya ta farko. Tana kuma sake tantance ƙwararrunta duk shekara biyar, Amurka kuwa duk shekara goma, ga waɗanda suka samu shaida daga 2016. Birtaniya tana karɓar shaidar kowacce wajen sa mutum a jerin ƙwararrunta. Amma ko wacce kika riƙe, ba ta zama lasisin aiki ba, na ƙasar da za ki zauna daban ne.

Akwai abin da ban ga kin ambata ba, kuma a ganina ya fi tambayar taki nauyi. Shaidun nan biyu na likitan magani ne, mai gano cuta, ya auna nisan da ta yi, ya tsara kemo. Ba su mai da ki likitar tiyata ba. Wannan hanya ce dabam: shekara uku na horon tiyata, sannan ƙarin shekara guda kan tiyatar ciwon daji, irin wanda Stephen Withrow ya assasa a Kolorado. Gashi da na'ura, wato ƙona ƙari da haske mai ƙarfi, shi ma reshe ne mai zaman kansa, a Amurka yana ƙarƙashin kwalejin masu hoto, ACVR. Ki tuna dajin da ke fitowa a inda aka yi wa mage allura, wanda likitocin Pensilbaniya suka fara jan hankali a kansa a 1991. Maganinsa wuƙa ce, a yanka da tazarar santimita biyar kowane gefe. Wanda ya fara ɓare shi kamar ƙurji ya riga ya ɓata wa na bayansa aiki.

Su kuma kwasa-kwasan satifiket da ake yi ta intanet, da digiri na biyu ko na uku, ban raina su ba. Satifiket zai gyara miki hannu a asibitinki, digiri na uku zai mai da ki mai bincike, kuma yana ƙara wa takardun nema nauyi. Sai dai babu ɗayansu da ke ba ki damar kiran kanki ƙwararriya a ƙasashen can. A gida kuma akwai Kwalejin Likitocin Dabbobi ta Najeriya da matakinta na FCVSN, wanda ke da daraja a jami'a da aikin gwamnati, amma tsari ne na gida, ba madadin waɗancan ba.

Ra'ayina, in niyyarki ki zauna can, ki bi Amurka tun yanzu, don gurabe da kasuwar aiki sun fi yawa, kuma wahalar lasisin sau ɗaya ce. In kuwa dawowa za ki yi, na fi karkata ga Birtaniya, kuma zan ce ki sake tunani ko tiyata ce ta fi dacewa da ke. Dubi abin da ke shigo mana. Ƙarin nan na al'aura da karnuka masu yawo ke ɗauka wajen barbara, mai zubar da jini, vincristine sau ɗaya a mako na mako huɗu zuwa shida yakan share shi. Ƙarin nono a karyar da ba a cire wa mahaifa ba, kusan rabi mugu ne, a mage kuwa takwas zuwa tara cikin goma. Farar mage da rana ta cinye wa bakin kunne. Mafi yawan waɗannan allura da gilashi da wuƙa mai kyau suke buƙata. Na'urar gashi kuwa, mutane ma layi suke bi a asibitocinmu.

Ko wacce kika zaɓa, abin da za su duba ɗaya ne, kuma kina iya farawa a inda kike. Ki buɗe littafin da za ki riƙa rubuta kowane ƙari da ya shigo: girmansa da ma'auni, hotonsa, sakamakon gwaji, abin da aka yi, da yadda dabbar ta kasance bayan wata uku da wata shida. Kada ki cire ƙari ki jefar, ki sa a fomalin, ruwan adana nama, ki aika sashen gwajin nama na jami'ar da ta fi kusa da ke. Daga littafin nan takardarki ta farko za ta fito. Sannan ki nemi ziyarar mako biyu zuwa huɗu a ɗaya daga asibitocin can, domin wasiƙar shaidar da ta fi tasiri ita ce ta ƙwararren da ya gan ki kina aiki da idonsa.