Matar da ta ƙi sayar mini da caja a Jojiya

Jama'ar gida, ina gaisuwa. Tun zuwana Amurka na ga abubuwan mamaki, amma ban taɓa zaton zan shiga shago da kuɗi a hannu, in nuna kayan da ya fi kowanne tsada, mai shago ta dube ni ta ce ba za ta sayar mini ba. A Peachtree City abin ya faru, wani gari da ke kudu da Atlanta a jihar Jojiya, inda nake aikin kula da wani dattijo da ƙafa ta fara gagara.

Bari in ɗan faɗa muku yadda garin yake, kada ku ce me ya haɗa ni da wasan golf. 'Yar motar nan mai batir da 'yan wasa ke yawo da ita a fili, ita ce abin hawan kowa a nan. Girmanta bai wuce na a-daidaita-sahu ba, sai dai ƙafarta huɗu kuma ba ka jin kukanta. An shimfiɗa musu hanyoyinsu daban, sama da mil 100, suna ratsa daji da bakin tafki, wani wuri su bi ta ƙarƙashin titi, wani wuri ta saman gada. Motocin sun haura 10,000 a garin da mutanensa wajen 40,000 ne. Da ita ake zuwa cefane, da ita ɗaliban sakandaren McIntosh ke zuwa makaranta. Manyan masu ƙera ta ma a jihar suke: Club Car da E-Z-GO a yankin Augusta, Yamaha a Newnan, nan kusa da mu.

Baba, dattijon da nake kula da shi, yana da tsohuwar Club Car. Ran nan aka yi ruwa da tsawa irin na bazarar Jojiya, gari ya waye caja ta mutu. 'Yarsa ta miƙo mini katin banki ta ce in je in sayo mai kyau. Ni kuwa ba baƙon batir ba ne, da hannuna na haɗa inbatar gidanmu kafin in taso. Na leƙa ƙarƙashin kujera na ƙirga batura shida, kowanne bolt 8, ka ga 48 ke nan. Na duba bakin caja, zagayayye ne mai ƙafa uku. Na ce magana ta ƙare.

A shagon na ga wata sabuwa fil, an rubuta 48 a kwalinta, bakinta irin namu sak. Na ɗauka na dire gaban matar. Ba ta ko kalli katin ba. Ta ce, "Yallaɓai, motar ta wace shekara ce?" Na ce tsohuwa ce dai. Ta ce, "Baturan na ruwa ne ko litiyam?" Na ce na ruwa. Sai ta janye kwalin gefe ta ce wannan ba tawa ba ce, in koma gida in ɗauko mata hoton lambar da ke ƙarƙashin aljihun gaba, ɓangaren fasinja. Na ce baki ɗaya ne fa, ƙarfin wuta ɗaya. Ta ce ta gani. Na ce ni zan biya, in ta lalace ba zan dawo ba. Ko a jikinta. Ga mutane a bayana suna jira, ga ni ƙato da furfura a gemu ana aike na kamar ɗan firamare. Raina ya ɓaci ƙwarai, a hanya har ina cewa a zuci da a gida ne da tuni an sa mini ita a leda an bi ni da Allah ya sa albarka.

Da na dawo da hoton ta karanta lambar, ta shiga ciki ta fito da wata mai ƙarancin kuɗi, nauyi kamar me. Sannan ta yi mini bayani, kuma tun daga ranar abin bai bar kaina ba. Wadda na fara ɗauka ta litiyam ce. Irin wannan tana kai wuta bolt 58.4 ta tsaya cak. Batir na ruwa kuwa ba haka yake so ba. Da farko caja tana ɗura masa wuta da ƙarfi, in ya kusa cika ta rage, sannan a ƙarshe ta ɗan matsa masa har ruwan ya riƙa ɓulɓulowa a hankali, don asid ɗin da ya kwanta ƙasa ya gauraya. In ba ya samun wannan matakin na ƙarshe, kullum zai zauna bai cika ba, farin gishiri ya riƙa kama farantan dalmar ciki, ya mutu tun kwanansa bai kai ba. Bayan haka, motocin Club Car masu bolt 48 da aka yi daga 1995 zuwa wajen 2014 suna da wata 'yar kwamfuta a jikinsu, ita ke gaya wa caja ta fara ko ta tsaya. Ka kawo cajar zamani mai nata tunanin, sai an sauya haɗin waya an kewaye kwamfutar, in ba haka ba su yi ta jayayya. Tamu tana cikin waɗannan shekarun.

Ko girman cajar da lissafinsa. Kamfanin Trojan, wanda baturansa ne a motar, ya ce wutar caji ta zama kashi 10 zuwa 13 cikin ɗari na abin da batir ke ɗauka. Namu samfurin T-875 ne, mai ɗaukar amfiya-awa 170, don haka amfiya 17 zuwa 22 ce daidai da shi. Ƙarama ba za ta cika shi kafin safiya ba, babba ta dafa shi.

Kafin in fita matar ta tambaye ni yaushe nake zuba ruwa. Nan ma da ƙa'ida. Tataccen ruwa kawai, wanda masu inbata ke kira distil, kuma bayan an gama caji ake zubawa, domin ruwan yana kumbura in wuta ta shiga. Ka cika shi tun farko, ya yi ambaliya ya cinye kawunan batir da simintin gareji. Sai dai in farantan sun fito fili, a zuba daidai abin da zai rufe su, a yi caji, a ƙarasa. Na ce asid fa? Ta zaro ido ta ce ba a ƙara asid har abada, ruwa ne ke tafiya, asid yana nan.

Yanzu duk dawowar da muka yi, ko shagon unguwa muka je, sai na jona motar a caji. Ba a jira ya ƙare, batir irin wannan ya fi daɗewa in ba a shan fiye da rabinsa. Na sayi 'yar mita ina dubawa da safe bayan ya huce: cikakke yana nuna wajen 50.9, in ya sauko 48.4 rabi ya tafi, alhali mai ganin 48 a rubuce zai ɗauka lafiya lau. Ƙofar gareji kuma ina barinta a ɗage kaɗan, saboda iskar haidurojin da ke fita lokacin caji wuta take kamawa. Har na'urar gargaɗin hayaƙi mai guba da ke gidajen nan takan yi ihu saboda ita.

To, kada ku ɗauka komai na nan zuma ne. Tsohuwar cajar da ta mutu, na tambaya ko za a duba ta. Sai an ba ka rana, kuɗin aiki kuma da awa ake lissafa shi, kafin ma a taɓa sukurdireba an ci rabin kuɗin sabuwa. Matar da kanta ta ce in jefar. In jefar! Akwati guda na tagulla da ƙarfe, wataƙila fiyus ne ko diyod ɗaya ya ƙone. Nan na tuna masu gyaranmu na bakin titi. Mutum zai kwance murfi, ya kai hanci ya shinshina, ya ce ga inda ta ci wuta, ya aiki yaro France Road ya sayo ɗan abin, kafin ka shanye shayi ta tashi. In tiransifoma ce ya warware ya sake naɗa ta da hannu. Wallahi ranar na yi kewar Kano. A nan ba ciniki, ba ragi, ba a yi mini alfarma. Saitin batura shida ya haura dala 1,000, kuma in ba ka kawo tsofaffin ba sai a ɗora maka wani kuɗi a kan kowanne. Wannan na ƙarshen dai na yafe musu, don shi ya sa ba ka ganin mataccen batir a bola, kusan duka narkar da su ake yi a masana'anta.

Amma 'yan uwa, mu ma mu faɗa wa kanmu gaskiya. Batir ɗin da ke ƙarƙashin kujerar Baba ɗan uwan wanda ke jikin inbata da solar gidajenmu ne, kuma yadda muke yi musu zalunci ne. Mu zuba fiya wata ko ruwan rijiyar burtsatse, duk gishirin da ke ciki ya tafi jikin faranti. In ya fara rauni mu kai wa mai caji ya juye ruwan ya ɗura sabon asid, ya yi ƙarfin mako biyu ya mace gaba ɗaya, mu ce kayan yanzu ba su da auki. Mu ɗora firiji da dutsen guga har sai inbata ta yi kuka ta ɗauke da kanta, gobe ma haka. Ɗaya ya mutu cikin huɗu, mu sayo sabo mu haɗa shi da tsofaffi uku su ja shi kabari. Mu kulle su a sito ba taga a zafin Afrilu, alhali duk ƙarin digiri 10 a kan 25 yana raba kwanan batir biyu. Mai shago kuwa, ka tambaye shi wannan za ta yi? Amsarsa ɗaya ce, za ta yi Alhaji. Bai san batir ɗinka ba, bai tambaya ba, kai ma ba ka so ya tambaya, don kada a ce ba ka sani ba.

Na san akwai inda ba laifinmu ba ne. Batirin da aka sha sosai yana son awa 8 zuwa 10 a jone kafin ya cika, a nan kuwa in na jona da magariba na san wuta ba za ta motsa ba har asuba. Wanda ake kawo wa wuta awa uku a ɗauke, ko ya haddace littafin kamfani batir ɗinsa ba zai ƙoshi ba. Sai dai wannan dalili ne na a rage masa kaya, mu kuwa ƙara masa muke yi.

Maƙwabtanmu da yawa sun koma litiyam. Ba ruwa, ba nauyi, yana cika da wuri, sai tsada, kuma ba a yi masa caji in sanyi ya kai na ƙanƙara, abin da ba zai dame ku ba. Na ji babura masu caji sun fara yawa a gida, su ma galibi irinsa ne a cikinsu, don haka cajar da ta zo da babur ita ce tasa, ba ta maƙwabci ba don kawai baki ya shiga. Masu ce mini in turo musu caja daga nan kuma, ku sani wutar gidajen Amurka bolt 120 ce, tamu 230. Tsofaffin masu nauyin nan irin wadda na saya wa Baba, ka jona su a Kano hayaƙi za ka gani. Na zamani irin na Lester da Delta-Q akwai masu karɓar duka biyun, amma a jikin takardar da ke manne a bayansu ake ganewa. Ko a wajen masu kayan Beljiyam ka tsinci caja, juya ta ka karanta kafin ka biya.