Britannia Panopticon, tsohon gidan wasan Gilasgo

'Yan uwa na Jidda da Makka da kan tafi Birtaniya hutun zafi, da masu 'ya'ya a jami'o'in Gilasgo, ku ware awa ɗaya don wani gini a titin Trongate. An gina Britannia Panopticon a 1857, kuma shi ake ɗauka mafi tsufa a duniya cikin gidajen waƙa da barkwanci irinsa da suka rage.

Ƙofar ba a bakin titi take ba. Sai an shiga lungun New Wynd, a hau matakala zuwa bene, don haka a yi tunani kafin a ɗauko dattijo mai ciwon gwiwa. A riƙe rigar sanyi ko da rani ne.

Abin da ya sa nake yaba wurin shi ne ba a yi masa kwalliyar ƙarya ba. Fenti ya ɓare, katakon benen 'yan kallo ya yi baƙi, kamar gidajen Balad, tsohuwar unguwar Jidda, kafin a fara gyaransu. A da, nan leburorin masana'antu da maƙeran jiragen ruwa na kogin Kilaid suke cunkushewa, mutum 1,500 a wasa ɗaya, sau huɗu a rana. Mawaƙin da bai burge ba, da ƙusoshin jirgi da kashin doki ake jifansa. A wannan dandamali Stan Laurel, shahararren ɗan wasan barkwanci, ya fara fitowa a 1906, yana ɗan shekara 16, shekarar da A. E. Pickard, mai harkar nishaɗi, ya karɓi gidan, ya ƙara mutum-mutumin kakin zuma, daga baya kuma ya zuba namun daji a ƙasan ginin.

An rufe shi a 1938, teloli suka saya suka buga silin da ya ɓoye saman zauren shekaru da dama. Wannan ɓoyon ne ya cece shi daga masu gyara. Ku tsaya ku duba tarkacen da aka tono ƙarƙashin daɓe, kwalayen sigari da maɓallai da ɓawon lemo, ku kuma yi wa masu aikin sa-kai tambaya, sun san tarihin ciki da waje.

Mai iyali ya je da rana. Wasannin dare wasu ba su dace da tarbiyyarmu ba, a duba jadawali tukuna. In lokacin salla ya yi, Babban Masallacin Gilasgo na tsallaken kogi, ƙafa ma ta isa.