Famfo mai fanka na inci biyu, doki 4: gwani a ruwa, rago a laka

Wannan famfon mai kilowat 3 ne, wato ƙarfin doki 4. A ruwa zalla ba shi da makusa. Yana tura lita 30,000 a awa zuwa tsayin mita 20, kuma kilowat 2.7 ya ishe shi idan ingancinsa, wato kason ƙarfin injin da ke zama aikin tura ruwa, ya kai kashi 60 cikin ɗari. Gyaransa ma ba wuya, boris da sil ɗinsa suna nan a kasuwa.

Inda masu saye ke yin asara shi ne wajen nauyin abin da za a tura. Alƙaluman da ke jikin farantinsa da ruwa aka auna su. Fankar tana cilla kowane irin ruwa zuwa tsayi ɗaya ne, mita 20 ɗin nan, amma matsi da wutar da injin ke ja suna bin nauyi. Ka auna da jarkar lita 20, ka cire nauyin jarkar. Ruwa kilo 20 ne, man gas kusan 17, man gyaɗa 18 da ɗoriya, ruwan laka mai kauri yana iya kai 26. Da man gas gejin matsi zai nuna bar 1.6 maimakon bar 2, wasu su ɗauka famfon ya gaji, alhali lafiyarsa ƙalau. Da lakar nan kuwa buƙata ta tashi zuwa kilowat 3.5, ta wuce ƙarfin injin. Sai zafi, sai rile, wato makunnin da ke kare injin idan wuta ta yi masa yawa, ya dinga katsewa. Wanda ya ɗaure rile don aiki ya tafi, mai naɗin kwayil na jiransa.

Zuƙo ma yana raguwa idan abin da ake turawa ya fi ruwa nauyi. Idan ka ji ƙara kamar ana niƙa tsakuwa a ciki, ka kusantar da famfon ga tankin, ka rage tsawon mesa, in ba haka ba fankar za ta zaizaye.

Masu matsar man gyaɗa su kula: mai bai kai ruwa nauyi ba, danƙonsa ne matsalar, musamman da safiyar hunturu. Famfo mai giya, wato mai haƙoran ƙarfe masu juyawa maimakon fanka, ya fi dacewa da su.

Mai tura ruwa ko man gas ya saya ba fargaba. Mai laka ya nemi na doki 5.5, ya sa mitar auna wuta a wayar injin ya duba amfiya, wato yawan wutar da yake ja, a ranar farko.