Hattara da masu tallan kayan sabunta kujerar mota a gida

Jama'a, musamman masu tsofaffin motoci da direbobin haya, akwai wata damfara da ke yawo a Facebook da TikTok da ya kamata mu ankarar da juna a kanta. Za ka ga bidiyon kujerar mota duk ta yayyage, soso ya leƙo, sai wani hannu ya yaye tsohuwar rigar, ya shafa gam, ya ɗora sabuwa, kafin ƙiftawar ido kujera ta koma sabuwa fil. A ƙasa an rubuta wai fatar Italiya ce zalla, kai da kanka za ka sa a gida, ba sai ka je wurin mai kushin ba. Sai lambar WhatsApp.

Da ka yi musu magana za su tambayi samfurin motarka da shekararta, Golf ce ko Corolla ko Sharon ko 406, don ka ɗauka awo za a yi. Ko wace mota ka ambata amsar ɗaya ce: "Akwai, Alhaji, saura biyu kacal." Sai a turo lambar asusu, sau da yawa sunan da ke kai daban da na shagon. Ka tura kuɗi, washegari a ce direba ya riƙe kaya a tasha sai an ƙara kuɗin webil. Wasu daga nan suke toshe lambarka, shi ke nan an sha da kai.

Masu aiko kayan sun ma fi ɓarna. Wani maƙwabcina mai haya da Golf ya karɓi nasa ƙunshin a gabana. Abin da aka kira fata leda ce mai shara-shara, ka juya bayanta ka ga farin yadi manne. Soson kuwa in ka matse shi da yatsu biyu sai ya daɗe bai taso ba. Gam ɗin a gorar ruwa aka ɗuro shi, ko suna babu. Ɗinkin ma ba na Golf ba ne, irin rigar nan ce ta kowa-da-kowa da ake ɗaurewa da roba. Babbar asarar ita ce tun kafin kaya su iso sun ce masa ya cire tsohuwar rigar don aiki ya yi sauri, shi kuma ya sa reza ya yi mata gunduwa-gunduwa.

Duk wanda ya taɓa zama a rumfar mai kushin ya san tsohuwar rigar nan ita ce ma'auni. Farke ɗinkinta ake yi a hankali, a shimfiɗa kowane ƙyalle a kan sabon yadi, a zana da alli, sannan a yanka. In ka lalata ta, sai mai kushin ya yi awo daga farko, kuɗin aiki ya ƙaru. Kuma ba gam ke riƙe rigar kujera ba. Akwai siraran wayoyi a cikin soson, da ƙananan zobban ƙarfe ake kama rigar a jikinsu, shi ya sa kujera ke fitar da siffarta. Aikin gam bai wuce cike gurbin soson da ya ƙwaƙule ba. Mai cewa ka shafa gam ka manna, ko dai bai taɓa buɗe kujera ba, ko kuma ya san ba za ka sake ganinsa ba. Sannan ga zafin watan Afrilu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri, inda ake haura digiri 40: mota ta wuni a rana, gam ya saki, leda ta tsattsage ta fara ɓarewa tana bin rigar fasinja.

Wani abin kuma ya wuce batun kuɗi. Duba gefen kujerun gabanka. In ka ga ɗan tambari an rubuta SRS AIRBAG, to akwai jakar iska a cikin kujerar, kuma ɗinkin gefen nan an yi shi ne musamman don ya yage lokacin haɗari jakar ta fito. Ka rufe shi da leda mai kauri ko ka yi masa ɗinki biyu, ka tare mata hanya. A ƙarƙashin kujerar akwai soket, galibi mai launin rawaya, ba a zare shi sai an cire kan batir an ɗan jira. Ban taɓa ganin ɗaya daga cikin masu tallan nan ya ambaci wannan ba.

Ba ina cewa mutum ba zai iya gyara kujerarsa a gida ba. In kana da keken ɗinki mai ƙarfi da haƙuri, kuma kujerar ba ta da jakar iska, za ka iya. Amma ka je da ƙafarka ka sayi kayan, ko Ƙofar Wambai da Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, inda za ka taɓa da hannunka. Fatar gaske ba ta zuwa a naɗe ana yanka maka yadi-yadi, da siffar dabbar take zuwa, bayanta kuma gashi-gashi ne. Ka nemi ɗan ƙyalle ka kanga masa ashana: fata za ta yi ƙauri irin na babbakar kai, leda kuwa narkewa take yi tana baƙin hayaƙi. Leda mai kyau ma ba laifi ba ce, yawancin motocin haya ita ake sa musu, amma a saye ta da sunanta da kuɗinta. Abin mamaki ma, muna zaune kusa da majemun Sharaɗa da Challawa a Kano, wani da ba mu san fuskarsa ba yana yi mana tallan fatar Italiya ta waya.

In dole sai ta intanet za ka saya, ka ce ya kira ka ta bidiyo ya nuna kayan da shagonsa, ko ka tura ɗan'uwanka da ke garin ya gani, kuma kuɗi sai kaya sun iso. In kuwa ka riga ka tura, ka kira bankinka a ranar, ka adana rasit da hirarku da lambar asusun, ka kai wa 'yan sanda, sannan ka kai ƙarar shafin a manhajar da ka ga tallan.