Tutiya, Alminiyam ko Magniziyam: Wane Ƙarfen Fansa Za Ka Saya wa Jirginka?

Idan aka ɗaga jirgin ruwa mai tafiya da iska daga teku, duba sandar farfela. Za ka ga wani dunƙulen ƙarfe toka-toka, duk ya rarake kamar gara ta ci itace. Anod ke nan, ko ka ce ƙarfen fansa. Duk inda ƙarafa iri biyu suka haɗu cikin ruwan gishiri, kamar farfelar tagulla da sandarta ta ƙarfe, sai su zama batir, lantarki ya riƙa cin mai rauni. Shi ya sa ake ɗaura wanda ya fi su rauni, a cinye shi a bar sauran. Dabarar ta tsufa. Tun 1824 masanin kimiyya Humphry Davy ya gwada ta a jiragen sojan ruwan Ingila.

Kafin ka tambayi farashi, ka tambayi kanka: wane ruwa jirgin yake kwana?

Tutiya ta teku ce, kuma ita aka fi sabawa da ita. Amma da ta shiga ruwan daɗi sai wani farin ɓawo ya rufe ta, ta daina aiki. A nan ake yaudarar mutum: ya ga anod ɗinsa shekara biyu bai ragu ba, yana murna ya yi sayayya, ashe farfelar ce ke biyan bashin. In ka ga tagulla ta koma ruwan hoda, ta fara ciwuwa. Kuma ka guji ta bunburutu, domin baƙin ƙarfe kaɗan ya gauraya da ita, ya wuce kashi 0.005 cikin ɗari, ya isa ya kashe ta. Nemi mai lambar ingancin nan ta sojan Amurka, MIL-A-18001.

Magniziyam ta ruwan daɗi ce kawai, irin na Kainji ko Tafkin Chadi, har ga masu injin kwalekwale. Kai ta teku, ta narke nan da nan, ta kuma kumbura fentin jirgi.

Ni dai in za a bar ni da ɗaya, alminiyam zan ɗauka, wadda aka haɗa da tutiya da wani ƙarfe mai suna indiyam. Tana aiki a teku, tana aiki a gaurayen ruwa irin na gaɓar Legas, inda gishiri ke raguwa da damina. Kilo guda nata yana ba da lantarki kusan ninki uku na kilon tutiya. Sharaɗi ɗaya ne: kada ka haɗa anod iri biyu a jirgi guda.

To, idan anod ɗin da ya kamata ya shekara yana ƙarewa cikin wata biyu fa? Kada ka ce bari ka sayo babba. Matsalar tana wani wuri. Sau da yawa wutar da ka jona daga tashar jiragen ruwa ce: wayar ƙasa tana haɗa duk jiragen da ke layin, sai anod ɗinka ya koma kare farfelar maƙwabci, kai da saye shi da mora. Magani biyu ne. Akwai galvanic isolator, ƙaramin akwati mai araha da ke tare ɗan lantarkin da bai wuce volt 1.2 ba, ya wadatar da yawancin jirage, sai dai a riƙa gwada shi, don yakan lalace shiru. Akwai kuma taransifoma mai raba wutar jirgi da ta tasha gaba ɗaya. Tana da nauyi, tana da tsada, amma mai jirgin alminiyam ko na ƙarfe kada ya yi rowa a nan.

Wanda ya fi muni shi ne lantarkin batir da ke zurarewa, galibi daga saɓulalliyar wayar famfon kwashe ruwa da ke jiƙe a ƙasan jirgi. Wannan cikin makonni yake cin farfela, kuma babu anod ɗin da zai tare shi. Sai mitar gwada lantarki da mai wayarin.

Wajen ɗaura anod, goge gurbin har ya yi ƙyalli, ka matse noti sosai, kada fenti ya taɓa shi. Da ya ci rabi, canza shi.