Likita mai son aikin 'yan wasa: wace takarda ce ta cancanci kuɗinka?

Ranar 12 ga Agusta 1989 Samuel Okwaraji ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Legas ana tsaka da karawa da Angola, bai ƙara tashi ba. A watan Maris 2020 irin haka ta faru da Chineme Martins na Nasarawa United a Lafiya. Duk kwas ɗin da za a tallata wa likitan da ke son zama a bencin gefen fili, da wannan zai fara auna shi: ɗan wasa ya faɗi ba tare da kowa ya taɓa shi ba, me kwas ɗin ya koya wa hannunka ka yi kafin minti biyu su cika?

Don haka kuɗinka na farko ba na difloma ba ne. Na horon ceton rai ne, irin su BLS da ACLS, inda za ka durƙusa kan mutum-mutumi ka danna ƙirji har kafaɗa ta yi tsami, ka manna faifan na'urar AED, mai daidaita bugun zuciya da lantarki, a inda ya dace, ka koyi riƙe wuyan wanda ya bugu har a ɗora shi kan gadon ɗaukar majinyaci. Kwana ɗaya zuwa biyu ne, takardar kuma tana ƙarewa, yawanci bayan shekara 2 sai an sabunta. Babu karatun intanet da zai maye gurbinsa.

Daga nan sai diflomar FIFA ta likitancin ƙwallon ƙafa. Kyauta ce, a intanet ake yi, darussa 42 ne da suka taɓo gwiwa, idon sawu, buguwar kai, zuciya da abincin ɗan wasa. An ce araha ba ta ado, amma wannan tana da nata. Sai dai ka san iyakarta. Ba likitoci kaɗai ke yin ta ba, masu gashin ƙashi da sauran ma'aikatan lafiya ma suna yi, kuma ba wanda zai tsaya a kanka ya ga yadda kake jan ƙwauri don gwada jijiyar gwiwa. Ga likitan ƙungiyar jiha ko na makarantar horar da yara, ta isa a fara da ita. Ba ta mayar da kowa ƙwararre.

Diflomar kwamitin Olamfik na duniya, IOC, ta fi ta nauyi. Shekara 2 ake yi daga gida, da jarrabawa, kuma da kuɗin waje ake biya. Fa'idarta ita ce ta wuce ƙwallo, ta shiga tsere, dambe, ninkaya da sauransu, ga shi ba sai ka ajiye aikinka ba. Wanda ke harin tawagar ƙasa zuwa gasar Afirka ko ta Kwamanwel, a ganina nan ya fi dacewa ya sa kuɗinsa.

Digiri na biyu a likitancin wasanni kuwa, a nan aka fi yin kuskuren lissafi. Jami'o'in Ingila irin su Queen Mary ta Landan, Bath da Nottingham suna bayarwa, cikakken karatu shekara 1 ne, ko a ja shi shekaru ana aiki. Karatu ne mai kyau, amma ba lasisin duba majinyaci ba ne a can, ba kuma matsayin kwansaltan ba ne. Birtaniya ta amince da fannin a matsayin ƙwarewa mai zaman kanta a 2005, aka kafa tsangayarsa, FSEM, a 2006. Mai son wannan matsayi sai ya yi rajista da hukumar likitocinsu, ya yi horon share fage, sannan ya nemi gurbin horon shekara 4, guraben kuma ba su da yawa. A Amurka sai ka ci jarrabawar lasisin likitoci ta USMLE, ka gama horon ƙwarewa a fanni kamar likitancin iyali ko na gaggawa, kafin ka ƙara shekara 1 ta wasanni. Wannan hijira ce, ba kwas ba. Idan digirin kake so ka dawo gida da shi, leƙa Afirka ta Kudu tukuna: jami'o'in Cape Town da Pretoria sun daɗe a fannin, kuma zafin rana da irin filayensu sun fi kusa da namu.

Hanyar da aka fi rainawa ita ce ta gida. Ka yi horon ƙwarewa a tiyatar ƙashi ko likitancin iyali a ƙarƙashin kwalejin ƙasa ta horar da ƙwararrun likitoci, NPMCN, ko kwalejojin Afirka ta Yamma, sannan ka ɗora diflomar wasanni a kai. Wanda ya yi shekaru a asibitin ƙashi na Dala a Kano ya ga karaya da gocewar kafaɗa iri-iri, kuma takardarsa ce ma'aikata ke ganewa wajen ƙarin girma. Tana da tsawo, amma ana biyanka albashi kana yi. Kowace takardar waje kuma, kafin ka tura ko kwabo, rubuta wa hukumar rajistar likitoci ta Najeriya, MDCN, ka tambaya ko tana rajistarta a matsayin ƙarin shaidar ƙwarewa.

Sai batun ƙungiyoyin likitancin wasanni, inda ake yawan ruɗa mutane da jerin haruffa bayan suna. Tarayyar duniya ta FIMS, wadda aka kafa a 1928, da ACSM ta Amurka, ta 1954, da NASMED ta Najeriya, wuraren taro ne da mujallu da sanin mutane. Kuɗin shekara ake biya a zama mamba, ba jarrabawar asibiti ake ci ba. ACSM ma tana ba da takardun shaida, amma galibinsu na masu horar da motsa jiki ne. Zama mamban FSEM ta hanyar jarrabawarta wani abu ne daban. In aljihu ɗaya kawai zai ɗauka, zaɓi ta gida, don a can ake jin labarin wace ƙungiya ke neman likita kafin a fara kakar wasa.

Abu ɗaya da ba ya cin ko sisi, amma rashinsa na iya kashe wa yaro sana'a: darussan hukumar WADA, mai yaƙi da haramtattun magunguna a wasanni, a dandalinta na ADEL. Jerin magungunan da aka haramta yana sabuntawa duk 1 ga Janairu, kuma tun 2024 tramadol ya shiga cikin waɗanda aka hana lokacin gasa. Likitan da ya rubuta shi ga ɗan wasa mai targaɗe ana jajibirin wasa, fitsarin yaron za a gwada, yaron kuma za a dakatar.